Kwakwar da Gwaggo ta ƙi ɗauka

A shekarun da gwamnatin Ingila ta tsuke bakin aljihu, ana ta rufe ɗakunan karatu da wuraren wasan yara, ni a lokacin ne na kamu da son mashayu masu ado. Ba zan ɓoye ba, ina mutuwar son su. Ka fito daga ruwan saman Manchester jiƙe sharkaf, ka tura wata ƙofa, sai ga ka a cikin bukkar ciyawa, ga ganyen kwakwa na roba, ga kiɗa na tashi, a miƙo maka abin sha a cikin ɓawon abarba da 'yar lemar takarda a kai. Na san duk ƙarya ce, amma ƙaryar akwai ɗumi.

A irin wannan wuri na haɗu da saurayina, a Birmingham. Haifaffen can ne, kakanninsa daga Jamaika suka zo. Da can aikin kula da matasa yake yi a ƙaramar hukuma, aka rufe wurin, aka sallame su. Ya sha yawo kafin ya samu aikin haɗa abin sha, don haka ya riƙe shi hannu bibbiyu.

Da na kai maganar aure gida, babana ya ce shi ba zai ce e ko a'a a kan mai sayar da giya ba sai yayarsa ta gan shi da idonta. Yayar tasa, wato Gwaggo, tana Salford, kusa da Manchester, a lokacin, ta zo jegon matar ɗanta. Na yi tsalle don murna, domin Gwaggo burukutu ta dafa a garinmu na kudancin Kaduna har sai da gwiwa ta hana ta. A tsakar gidanta na yi ƙuruciya, cikin ƙamshin tsiron dawa. Na ce a raina ai an gama.

Ranar wata Asabar da rana mashayarsu ta shirya ɗanɗanon rum, giyar da ake yi da rake. Na ɗauko Gwaggo muka hau jirgin ƙasa, ina ta zuba mata surutu tun daga tasha, ita kuwa tana kallon shanu ta taga. Da muka shiga ta ɗaga kai ta dubi rufin.

"Mu muna can muna fama mu cire ciyawa mu sa kwano," in ji ta, "su kuma sun sayo ta sun kafa a cikin ɗaki."

Ya fito ya rusuna ya gaishe ta da 'yar Hausar da na koya masa, ta amsa da fara'a. Sannan ya koma bayan kanta ya shiga aiki, ni kuma kaina ya kumbura. Ya zuba tsohuwar rum, ya matse lemun tsami, ya ƙara ruwan abarba da citta, ya girgiza da ƙanƙara har gwangwanin ya yi raɓa. Ya juye a cikin ƙoƙon kwakwa. Sai ya yi abin da masu sana'arsa suke yi: ya tsoma siririn bututu, ya toshe samansa da yatsa, ya ɗiga a harshe, ya jefar da bututun. Ya kawo mata da hannu biyu.

Gwaggo ta ce sannu, ta bar kwakwar a kan tebur, ta naɗe hannu.

Mutane suna ta shan nasu suna yabawa, ƙanƙarar tata tana narkewa. Ya ɗauka ƙarfin giyar ne ya yi mata yawa, ya haɗa wani mai sanyi da mangwaro. Shi ma ta dube shi kawai. Na ga fuskarsa ta canja, haushi ya kama ni.

Na ce, "Gwaggo, don Allah mene ne? Special ya yi miki fa, ba ya cikin menu."

Ta ce, "Ke a gidan wa kika girma?"

Nan take na tuna. A gidan Gwaggo ba a taɓa miƙa wa baƙo ƙoƙo ba sai mai abin ta kurɓa a gabansa, ta goge bakin ƙoƙon da tafin hannu, sannan ta ba shi. Na ga ta yi haka sau babu adadi, amma zaman Ingila ya shafe min.

"Ai ya ɗanɗana, Gwaggo, kin gani."

"Na gani. Ya tsamo na tsakiya da kara ya yar. Ni bakina a bakin ƙoƙo zai sauka. Ba tsoro nake zai kashe ni ba, 'yar nan. Mai ba da abin sha shi yake fara sa kansa."

Na juya na fassara masa. Ya dubi ƙarshen kanta, inda manajansu yake tsaye. Na san dokar wurin, don ya sha faɗa min: ma'aikaci ba ya sa baki a kofin mai saye, kuma an taɓa korar wani a kan haka. Na ce masa ya bari, zan lallashe ta, kada ya rasa aikin nan a kaina. Har ga Allah tsoro nake ji.

Sai ya ɗauki kwakwar farko, ya kurɓa a gaban kowa, ya goge bakinta da tafin hannu yadda na kwatanta, ya miƙa mata. Manajan ya taso. Saurayina ya ce masa da Turanci wannan gwaggon matar da zai aura ce, kuma a garinsu haka ake yi. Manajan ya ce za su yi magana ranar Litinin.

Gwaggo ta karɓa ta sha, ta lumshe ido, ta sake sha. Ta ce cittar ta yi, abarbar ce dai ta so ta yi yawa. Daga nan fa ta buɗe. Aka jero ƙananan kofuna na rum kala-kala, fara da ja da mai duhu, ko wanne sai ya fara kurɓa kafin ta karɓa, tana shinshinawa tana yamutsa fuska, mai duhun kuma ta ce a ƙaro. Mutanen teburin da ke kusa da mu suka fara kwaikwayonsu suna dariya. Ni dai daɗi kamar in tashi sama. Ta cire 'yar lemar takardar ta soke a ɗankwalinta, da ita muka koma Manchester. Amma a jirgi ko kalma ɗaya ba ta ce a kansa ba, na yi ta zungurarta ta ce in bar ta ta yi barci.

Litinin aka ja masa kunne, aka kuma cire shi daga aikin ƙarshen mako na wani lokaci, wanda a nan ne aka fi samun kuɗi. Bai yi ƙorafi ba, ni ce na yi ta masifa.

Ana gab da komawarta gida, ta dama kunun zaƙi a gidan ɗanta wata Lahadi bayan coci, ta ce a kira shi. Falon ya cika da mutanen cocinmu. Gwaggo tana bi tana zuba wa kowa, ta kurɓa, ta goge, ta miƙa. Da ta iso kansa sai ta cika kofi ta danƙa masa kawai, ta wuce.

Ya tsaya riƙe da kofin yana dubana. Gwaggo ta waiwayo.

"Me yake jira?"

"Yana jira ki ɗanɗana masa, Gwaggo."

Ta ce, "Baƙo ake ɗanɗana wa. Ki ce masa ya shanye ya zo ya kama min tukunyar nan."