Ƙotar Bindigar Kaka

Har yau in na buɗe kwalbar man keken ɗinki, sai na ɗan tsaya kafin in ɗiga shi a keke. Da irin wannan man kakana yake goge bindigarsa mai baki biyu, a zauren gidanmu na ƙauye kusa da Argungu, ni ce kuma mai riƙe masa tsumma. Amarya yake ce mini, ni kuwa in ce ba na son tsohon miji mai warin albarushi. Sai ya ce ai bai taɓa jin na ce naman dinya yana wari ba.

Ba don nishaɗi yake harbi ba. Idan shinkafa ta fara nuna a fadama, dinya, manyan agwagin ruwan nan, sukan sauka garke-garke, kuma ɓarnar da za su yi kafin hantsi ta isa ta sa magidanci kuka. Mu yara muna kan rumfuna muna kaɗa gwangwani don ƙananan tsuntsaye, amma dinya ba ta san gwangwani ba. Kaka kaɗai take jin tsoro, shi ya sa duk mai gona a gefenmu yake gaishe shi da girmamawa.

Ƙotar bindigar miƙaƙƙiya ce, daga kunama har inda take zama a kafaɗa babu lanƙwasa. Ya sha faɗa cewa bindiga mai kunama biyu ba ta son wata ƙota: ka ja ta gaba, hannu ya zame baya ya tarar da ta biyu, tsuntsu bai gama buɗe fiffike ba. Ƙota mai ƙugiya kuwa, wadda ake sassaƙa mata lanƙwasa a ƙasa don tafin hannu ya zauna, ta masu tsoron bindigarsu yake ce mata. In ya faɗi haka babu mai musu, don ba a taɓa jin harbinsa biyu ba a ga tsuntsu biyu ba.

Sanyin fadama ya daɗe yana bin yatsunsa. Ni nake shafa masa man kaɗe, don haka na riga kowa sanin cewa ƙananan yatsunsa biyu na dama sun daina naɗewa. Wata safiya ina kan rumfa na ji harbi ɗaya, na kasa kunne ban ji na biyu ba. Da ya ja kunamar farko bindigar ta yi tsalle daga hannunsa, ta bugi gefen kwalekwale, ƙotar ta tsage a wuya. Baba Ƙarami, ƙanen mahaifina da ke tuƙa shi, shi ya dawo da ita gida a naɗe cikin buhu.

Kakata ta ce magana ta ƙare, tsoho ya zauna gida ya ja carbi kamar sa'o'insa. Mahaifina, da ya zo daga Birnin Kebbi inda yake aiki, bai yarda ba. Ya san ubansa: in aka raba shi da fadama, an raba shi da abin da ke tashinsa da safe. Ya zo da dabara kuma. Maƙwabcinsa a unguwar Nasarawa, wani tsohon soja Kirista mutumin Filato, ya nuna masa tasa bindigar mai ƙugiya, ya ce mai raunin hannu ma yana riƙe ta da yatsa uku. Kaka ya yi tsaki, amma bai ce ba zai je wurin masassaƙi ba.

Muka tafi Argungu da Kaka da mahaifina da Baba Ƙarami, har da ni, don na kafe sai an je da amarya. Rumfar masassaƙin tana ƙamshin ɗanyen maɗaci. Ya fito da wata bindiga mai ƙugiya da aka kawo masa gyara, ya buɗe ta ya nuna babu harsashi, ya miƙa. Kaka ya ɗaga ta ya kai kafaɗa, ya bi wata shirwa da ke shawagi. Ko rawa bakin bai yi ba. Ya sauke ya sake ɗagawa, ya sake. Na ga fuskarsa ta yi haske yadda ban gani ba tun ranar da ƙotar ta tsage, mahaifina kuma har ya fara maganar ranar karɓa.

Kaka ya tambaye ni wacce na zaɓa masa. Na nuna mai ƙugiya ban ko yi tunani ba, ina son mijina ya koma fadama. Ya daɗe yana kallona, sannan ya mayar wa masassaƙin da bindigar.

“Wagga ƙota ita ka riƙon hannuna, ba hannuna ka riƙon ta ba,” in ji shi. “Ran da bindiga tah hwaɗi, akwai harsashi cikin baki guda. Kun san rumhwar da bakin yad duba? Ga wadda ab bisa nan tsaye.”

Mahaifina ya ce, “Baba, ai don haka munka zo. Wagga ba ta kuɓuce maka.”

“Bana ba ta kuɓucewa. Baɗi fa? Sassaƙa miƙaƙƙiya, malam.”

Al'adar masassaƙa ce su auna ƙota da hannun mai ita, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Da mutumin ya matso da igiyar awo, Kaka ya mayar da hannunsa cikin riga, ya tura Baba Ƙarami gaba. A hanyar komawa na yi ta kuka, na ce na fasa auren, shi kuwa bai rama tsokanar ba.

Bai sake shiga fadama ba. Da safe yakan zauna a ƙofar zaure, in harbi ya taso daga gulbi sai ka ga yatsansa ya motsa a kan gwiwa. In tazarar harbi biyun ta yi tsawo, ya girgiza kai ya ce yaron nan yana damƙe ta kamar ƙotar gatari. Ya rame a shekarar, ba zan ɓoye ba, kuma mahaifina bai yi ƙarya ba da ya ce fadama ce ke riƙe da shi.

Yanzu injinan ban ruwa sun cika fadamar da ƙara, dinya ta yi wuyar gani, wanda ya rataya bindiga a hanya kuwa sai ya amsa tambayoyi. Mahaifina, da furfurarsa, har yau yana cewa da an sassaƙa mai ƙugiya da tsohon ya ƙara shekaru. Wataƙila haka ne. Ina barinsa ya faɗa, don ubansa ne. Amma ni ba ni da shakka a kan zaɓin Kaka, ina da 'ya'ya yanzu, kuma na san abin da ya gani da ya tsaya yana kallona.