Cediyar da Na Ɗaure da Waya

Ranar wata Asabar, cikin damunar da na shiga aji shida, Baba ya goya ni a kekensa daga unguwarmu ta Gwange har bakin titin GRA, inda masu sayar da shuke-shuke suke jera dashe cikin baƙaƙen ledoji. Malaminmu na aikin gona ne ya nuna mana hoton wata tsohuwar bishiya da ba ta wuce tsayin kwalba ba. Ya ce ana kiran abin bonsai: a rage saiwa, a datse reshe, a lanƙwasa da waya, bishiya ta tsufa a cikin kasko. Na yi ta damun Baba har ya gaji ya kai ni. Na zaɓi wata 'yar cediya mai karkataccen gindi wadda kowa ya tsallake.

Haya muke yi a lokacin, ɗaki biyu a gidan wata dattijuwa, Ya Falmata. Na samo tsohon kasko, na gauraya yashi da takin akuya, na warware wayar matacciyar fankarmu, Mama ta ara mini almakashinta na ɗinki. Kullum in na share tsakar gida na ɗebo ruwa a famfon unguwa, cediyar nake fara shayarwa. Sauran yara suna carafke, ni ina tsugune ina tsinke ganye tare da ƙawata Yagana, jikar mai gidan, yarinya mai yawan ciwo da ba ta kai tsayin sa'o'inta ba.

A shekara ta biyu ciwon Yagana ya tsananta, sai magana ta fara yawo a bakin famfo: "Wadda ta ɗaure bishiya ta hana ta girma, mutum zai gagare ta?" Ya Falmata ta kira Baba ta ce, "Malam, ko itacen nan ya bar gidana, ko ku ku bar shi." Baba akawu ne, kuma shi ya raka su asibiti ranar da aka ce ciwon Yagana sikila ce. Duk da haka bai yi gardama ba. Ya tumɓuke cediyar a gaban kowa ya cusa ta a murhu. Ɗanya ce, ta daɗe tana hayaƙi kafin ta kama. Da yamma abin da ya ce mini kawai shi ne, "Ladi, ina za mu samu ɗaki a garin nan?" Aka hana Yagana zuwa ƙofarmu. Ta rasu kafin damuna ta zagayo, ba mu sake magana ba.

Yau ina da gidana a unguwar Maisandari, kasaken bonsai jere a baranda, maƙwabta suna zuwa ɗaukar hoto suna roƙon in koya wa 'ya'yansu. Baba ya tsufa, yakan zauna kusa da kasaken da la'asar, bai taɓa tayar da zancen ba. Tsoron da ya ji a lokacin na daɗe da yafewa. Shirun ne har yanzu ya ƙi haɗiyuwa.