Taubashin Inna

Mun tashi daga Madawa da asuba, ni da maiɗakina, ko kokon bakin tasha ba mu tsaya sha ba. Zuwana na uku ke nan ƙauyenmu na bayan Keita a kan magana guda. Yanar ido ta rufe wa Inna ido ɗaya, ta fara kama ɗayan, kuma masu aikin ido da suka sauka a asibitin garinmu ba za su wuce mako ba. Sau biyu ina dawowa da mota wayam. Wannan karon na ce ko ana muzuru ana shaho sai na dawo da ita.

Ni ne ɗan farinta. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi. Na girma ina ɗaukar Inna mace mai shiru da taurin kai, haka Allah Ya yi ta. In na durƙusa na zuba bayani, sai ta juya fuska wajen bango har in gaji in tashi. Ba na ɓoyewa, abin yana ci mini rai.

Hanyar Buza fadamu ne kore shar, buhunan albasa jere a bakin hanya suna jiran kamiyo, manyan motocin kaya. Man fetur na kwalba ya yi tsada, mai sayarwa kuma ya rantse mini faɗuwa yake yi, bakinsa har kunne. A nan maiɗakina ta ce mu biya kasuwar Buza mu ɗauki Kawu. Kawu taubashin Inna ne, ɗan ƙanwar mahaifinta, tsoho mai sayar da taba gari. Na ce me zai faɗa wanda ni ban faɗa ba? Ta ce ni dai in ɗauke shi. Muka tarar da shi yana shan fura, ya sa aka dama mana, ya ji zancen, ya bar wa maƙwabci rumfa ya shige gaban mota.

Bayan Buza hanya ta hau dutse, gargada ta karɓe mu. Tuddai ne da jerin duwatsun da manoma suka shirya don tare ruwan sama. Mutanen wajen ba su da yawan magana, ka tambayi hanya a nuna maka da haɓa. Kawu kuwa bai rufe baki ba. A Keita na saya masa cuku wajen wata Buzuwa don ya samu abin tauna mu huta, ashe haƙoran sun ƙare. Ya tsotsa ya ci gaba da labari.

Da azahar muka isa. Inna na zaune a tabarma tana lalube tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, ta juya wajen bango. Sai Kawu ya shigo ko sallama babu.

"Ina makauniyar? Na zo in ja miki sanda mu tai bara Buza, mu raba abin da munka samu."

Inna ta ɗago. "Kai da ba ka da haƙori ko guda, mi za ka ci da rabonka?"

Ta ƙyalƙyale da dariya. Ni da na aurar da 'ya, ban taɓa jin dariyar nan ba. Na koma zaure ina sauraro. Suka yi ta tone-tonen ƙuruciya, magana na zubo mata kamar an fasa tulu. Daga ƙarshe Kawu ya ce duk dangi sun san tsoron lokotoro, wato likita, take ji, matsoraciya ce tun tana yarinya. Ta ce a miƙo mata mayafinta.

A hanyar dawowa tana baya da maiɗakina, ni ba ta ce mini uffan ba. Muka ƙi sauke Kawu a Buza, muka wuce da shi Madawa, washegari aka yi aikin.

Tafiyar nan ta koya mini cewa Inna ba mai shiru ba ce. Shirun nawa ne ni kaɗai, kunyar da aka rene ta a ciki ce ta ɗaure mata baki, kuma abin da na kira taurin kai ƙin amsa wa ɗan fari ne a gaban mutane. Na yi ta dukan bango, ga ƙofa tana sayar da taba a Buza.

Ranar da aka cire mata bandeji ta bi kowa da kallo, da ta zo kaina ta yi maza ta kau da kai. Can ta jawo hannun rigar Kawu, ta yi ƙasa da murya.

"Wanga yaro, yaushe yay yi hurhura haka?"