Tsohuwar da Ba Ta Karɓar Cuku a Leda

A kasuwar garin Leeuwarden, can ƙasar Turawa, wata doguwar tsohuwa tana tsaye gaban rumfar cuku, fuska a murtuke. Hannayenta irin na wadda ta tsufa tana tatsar shanu ne. An miƙo mata cuku a leda, ta ture shi.

"Iya, kwanan wata yana jiki, ki duba mana," in ji mai rumfar.

"Takarda zan ci? A bakin iyayenmu ɗanɗanawa jarrabawa ce, 'yar nan, ku kuka mayar da ita lasa. Yanko mini."

Tana taunawa, masu saye suna jiran hukuncinta. Sai da ta saci kallon fuskar wani mai tauna irin cukun, sannan ta ce cukun ya yi. Da alama harshenta ya daɗe da daina jin gishiri, ba ta kuwa gaya wa kowa ba.