Takabar Inna a Gidan da Iska ta Yaye

Har yau idan na ji kwano yana ƙara a kan rufin wani, sai gabana ya faɗi. Jikokina dariya suke yi mini, wai tsohuwa tana tsoron iska. Su yi ta dariyarsu, yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Babanmu direban babbar mota ne a Ƙaura, yana kwaso gyaɗa daga ƙauyuka zuwa tashar jirgin ƙasa. Da Allah ya hore masa, sai ya sa aka sauke rufin ƙasa na ɗakunanmu aka buga kwano, shi ne na farko a unguwarmu. Sai dai ba a ɗaure katakon da gini ba. An aza shi bisa katanga ne kawai, aka danne da duwatsu, don a lokacin iyakar sanin magina ke nan.

Ƙarshen bazara ne, zafi kamar ya dafa mutum. Bayan la'asar gabas ta yi ja, ta koma baƙi ƙirin, kaji suka shige akurki tun rana ba ta faɗi ba. Baba ya ji kwanon ɗakin Inna yana ɗagawa, sai ya kafa tsani ya hau da dutse a kafaɗa. Iskar ta ɗauke rufin da shi a kai, ta yaye na sauran ɗakunan ma. A bayan gidan maƙwabta aka same shi, kafin magariba rai ya yi halinsa.

Haka Inna ta shiga takaba a gidan da ba ko rufi ɗaya, ƙarƙashin 'yar rumfar zana, ga damina ta kawo kai. Mu uku ne: ni ce babba, sai ƙanena, sai autanmu mai shan nono. Tun ba a tashi zaman makoki ba dangi sun gama rabonmu da baki. Kawu, yayan Inna, zai tafi da ita da autan Shinkafi, Baffa ya ɗauki ƙanena, ni kuma Gwaggo ta kai ni Gurbin Ɓore. Kawu ya ce ya tambayi malamai, lalura ta halatta mata ta ƙarasa takabar a wani wuri, kuma gaskiyarsa. Amma Inna ta san ranar da ta sa ƙafa waje gidan ya zama kango, mu kuma mun watse ke nan.

"Yaya, ba ni fita," ta ce, kanta a sunkuye. "Nan aka bar ni da su."

Kawu ya ce ya ji, amma muddin ruwa ya sauka sosai ba rufi a kanta, zai zo da mota, kuma ba shawara zai yi ba.

Kakanmu, mahaifin Baba, yana zaune a gefe yana jan carbi. Washegari ya koma Zurmi. Kowa ya san ba a samun busasshiyar azara a bakin damina, ɗanyar giginya kuwa lanƙwashewa take yi. Sai ga tsoho ya dawo yana jan raƙumin aro, an ɗaure masa azara baƙaƙe wuluk da hayaƙi. Ina ganinsu na gane su, don na sha kwanciya ina kallonsu. Har igiyar da yake rataye gafakarsa tana jikin ɗaya. Ɗakinsa ya kware, kuma shi ke nan gare shi.

Inna ba ta taɓa yi wa surukinta magana kai tsaye ba, ta bakina take aika saƙo. Ta ce in ce masa wannan bai kamata ba. Ya ce in ce mata ta ɗora masa ruwan zafi, ƙafafunsa ciwo suke.

Ginin ƙasa da damina, sai wanda ya rasa yadda zai yi. Maƙwabta suka yi mana gayya, suna kwaɓa ƙasa da ciyawa, suna gyara kan katangar da ta tsattsage, amma idon kowa na gabas. Da hadari ya taso sai a ruga a lulluɓe aikin da zana da tsofaffin tabarmi. Sau ɗaya ruwa ya riga mu, ya wanke abin da aka ɗora, muna kallo yana gangarowa ja kamar kunun kanwa. Duk ranar kasuwa kuma sai Kawu ya leƙo a mota, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya tafi bai zauna ba. Wallahi na tsani ƙarar motar nan.

A hankali aka jera azara, aka shimfiɗa zana, aka zuba ƙasa aka daɓe, aka shafe da makuba. Da babban ruwa ya zo muna ciki mu huɗu a takure, iska tana jijjiga ƙyaure, Inna tana ta salati. Kusurwa ɗaya ce kawai ta yi yoyo. Kawu bai sake zancen mota ba.

Da Kaka ya ɗaura rawaninsa zai tafi, sai Inna ta tsaya a bayan ƙyaure ta yi magana da bakinta.

"Baba, ka zauna nan har ruwa ya ɗauke."

"Gero ba shi jiran kowa, ɗiyata," ya ce.

A bukkar kara ya yi marka. Muka fara jin labarin tari, sannan aka ce ya daina zuwa masallaci. Inna ta aika ya dawo, ya ce sai ya yi girbi. Takabarta tana gab da cika aka aiko ya rasu, ba ta da ikon zuwa, ta juya fuska bango ta yini ba ta ci komai ba.

Ranar fitar takaba mace takan yi wanka ta ɗaura sabon zane, ta zaga dangi godiya. Ita kuwa Inna, Zurmi ta nufa da mu. Ta shiga ɗakin tsoho ta ɗaga kai, ba komai sai sararin sama, ciyawa ta tsiro har inda yake shimfiɗa buzunsa. A nan na fara jin kukanta da ƙarfi.

Yanzu ƙannena kowa da gidansa na bulo, rufi kuwa waya ake yi a kawo shi a mota. Mu dai a ɗaki ɗaya muka girma, ba a ba da ko ɗayanmu riƙo ba. Su ba su tuna fuskar tsohon ba. Ni ina tunawa, kuma na san abin da zamanmu tare ya ci.