Tsoho da Sabulu a Kan Tsani

Daga tashar bas ake hango tsohon a bayan gidansa, tsaye kan tsani cikin ƙoɗaɗɗiyar rigar sanyi. Ƙafafunsa na rawa, amma bai fasa zana layuka da sabulu a gilashin taga ba. Kaka ta shigo, tsuntsayen da ke ƙaura kudu kan ga hoton bishiya a gilashin, su kai masa karo su mutu. Ga alama ya gaji da binne su.

"Wendell, sauko!" matarsa ta ƙwala daga ƙofa. "In ka karya ƙugu, wa zai ɗauke ka? Tsuntsayen?"

"Rage mita, 'yar tsohuwa, saura taga ɗaya."

Ta ja tsaki, ta fito ko takalmi babu, ta riƙe masa tsanin gam.