Ƙafar Ragon Kaka

Duk sanda aka ɗora zoɓo a wuta, ƙamshinsa sai ya mai da ni tsakar gidanmu na Albarika a Parakou. Wasu zoɓo abin sha ne a wurinsu. Ni kuwa a wurina jan magani ne, domin a wancan zamani ni ce likitar dabbobin gidanmu, ba wanda ya naɗa ni.

Kayan aikina suna cikin gwangwanin madara. Allurata bututun biro ne da tsinken tsintsiya. Abin jin bugun zuciya kuwa robar tayar keke ce da murfin kwalba, sai tsummokaran da nake tsinta wurin tela. Kajin Iya, kakata, sun sha wuya a hannuna, har da sun hango ni sai su watse.

Kaka, mijin Iya, dillalin dabbobi ne. Wata damina ya dawo daga Djougou da ɗan rago maraya da ya samo a kasuwar Partago, ƙashi da fata. Ya dire mini shi ya ce, "Amaryata, ga majinyaci." Ni na shayar da shi koko, ni na cire masa kaska. Ya yi ƙiba, ya yi ƙaho, yana bi na har bakin makarantar allo. Ina son ragon nan, ba na ɓoyewa.

Da Babbar Salla ta matso, na ji Iya tana cewa bana ba sai an sayi na layya ba. Na gane ragona take nufi. Amma jikar dillali ce ni, na sha jin Kaka yana faɗa wa masu saye cewa gurguwar dabba ba ta layya. Ranar jajibere na naɗe ƙafar ragon da tsumma, na tsiyaya zoɓo har ya jiƙe jawur, na je na sanar cewa ya karye.

Gida ya kwashe da dariya, domin mai karayar yana can yana tsalle kan turmi. Kaka ne kaɗai bai yi dariya ba. Mutumin da ke gane ciwon saniya daga tafiyarta ya tsuguna, ya shafa tsumman a hankali, bai kwance ba.

"Likita," in ji shi. Bai taɓa kira na haka ba. "Ni ba na musu da likita. In kin ce gurgu ne, ba zan yanka ba, bana gidan nan ba layya. Ki duba shi da kyau, ki faɗa mini."

Da dukana ya yi, da na jure. Na ɗora murfin kwalbata a ƙirjin ragon, na daɗe ina sauraro, ina jiran wani ya yi magana. Da hannuna na warware tsumman, hawaye na zuba, na ce, "Ya warke."

Da safe, kafin a sauko daga idi, aka aike ni unguwar Ganou wurin gwaggona. Da na dawo ban tambaya ba, ban kuma ci nama ba. Sai bayan rasuwar Kaka Iya ta gaya mini cewa shi ma ko hantar bai taɓa ba a shekarar. Ya rabar, ya ci tuwonsa da miyar kuka.

Yanzu jikokina suna da kayan likita na roba, irin da ake rabawa a bikin ranar haihuwa, suna yi wa 'yar tsana allura. Ragon layya kuwa ana gobe Salla ake kawo shi a bayan babur, ba yaron da ke sanin fuskarsa. An hutar da su kukan da na yi, na sani. Amma har yau ban ga babban da ya tsuguna gaban ɗayansu ya ba shi amanar magana ba.